Na Ɓoye Makullin Babur ɗin Ɗana

Da safen nan na ɓoye makullin babur ɗin ɗana Sani a tukunyar Innarsa. Wai ayarin kamfen zai bi daga Gummi zuwa Anka.

Ya ce, "Baba, ba kai ne kake bin ayari kana ihu har muryarka ta dishe ba?"

Na ce, "Lokacin, wanda ya kama hanyar Anka tuwon dare ake ajiye masa. Yanzu waya ake riƙewa, ana jiran kiran 'yan bindiga."

Ya ci gaba da neman makullinsa. Ni kuwa ban nuna masa tukunyar ba.

A da mai juya ƙasar nan nake nema. Yau ɗan takarata shi ne duk wanda zai dawo min da yarona gida.

Jama'a, wannan tsufa ne ko tsoro?