Geron da Ya Riga na Sarki Tsirowa

A ƙauyenmu da ke yankin Yekuwa, ba a fara tatsuniya sai hatsi ya shiga rumbu. Da sanyi ya sauko, bayan an ci tuwo, kakata ta wajen uba, Iya Dije, takan hura wuta a ƙofar ɗakinta. Wutar karan gero ce, tana tashi da sauri ta mutu da sauri, saboda haka kowane yaro da karansa yake zuwa. Wanda ya zo hannu sake, a baya yake zama, inda ɗumi ba ya kaiwa.

Iya ba mai taushin labari ba ce. Ba kasafai ake rabuwa lafiya a tatsuniyoyinta ba. Ni takan kira ni maigida, irin wasan kaka da jika. "Maigida, matso kusa," in ji ta, "kada sanyi ya kashe ka in yi takaba ba gadon komai." Daga nan sai ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan tafe. Mai gyangyaɗi ta bi ta kansa." Mu ce ta zo mu ji ta.

Wadda muka fi roƙo ita ce ta Mati.

An yi wani gari, in ji Iya, mai sarki da babban gandu, ga kuma limami a gefensa. Al'adar garin ita ce, ranar da ruwan farko ya sauka, kowane namiji zai saɓa sunguminsa ya nufi gandun sarki. Sai an shuke gandun kaf, liman ya shafa fatiha, sannan kowa ya koma gonarsa. Liman ya ce wanda ya riga sarki shuka ya tsallake albarka. Mu 'ya'yan manoma mun san abin da wannan ke nufi. Ƙasarmu rairayi ce, laimar ruwan farko ba ta jiran kowa. Kafin a gama da gandu ta bushe, sai talaka ya jira ruwa na biyu, geronsa ya makara. Kowa ya san haka. Kowa yana gunaguni a cikin ɗakinsa, kowa kuma yana zuwa gayyar da kiɗa.

Mati talaka ne mai ƙananan 'ya'ya, rumbunsa ya ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba. Sai ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba. Shi yana sara, matarsa tana bin sa tana zuba iri tana rufewa da diddige. Duk irin da ya rage masa ya binne. Da ruwa ya sauka ya tafi gandun sarki tare da kowa, bai yi fashi ba. Amma kafin gandun ya gama tsirowa, gonar Mati ta yi kore shar, ta maƙwabtansa kuwa ko sara ba a yi ba.

A nan yayata Hadiza takan tambaya, ko da yake ta san amsar: "Sai sarki ya aiko dogarai ko, Iya?"

"Wane sarki? Sarki bai ma san da wani Mati a duniya ba. Maƙwabcinsa na gona ne ya gani, wanda suke cin tuwo a akushi ɗaya. Shi ya kai wa liman. Liman kuma bai ce a yi komai ba. Ranar Juma'a ya dai ce akwai wanda ya riga, shi kam yana jin tsoron abin da zai sauko wa gari."

Daga masallaci ba wanda ya koma gida. Gonar Mati aka nufa, maza a gaba, mata da yara a baya. Nan ne waƙar take. Iya ta ɗaga murya ta ce, "Geron wa ya riga na sarki?" Mu kuma mu amsa, "A tuge shi, a tuge shi." Ta ce, "Wa ya shuka ba a yi fatiha ba?" Mu ce, "A tuge shi, a tuge shi." Muna tafi muna buga ƙafa. Ƙannena har tashi suke yi su sunkuya suna fizgar kara, suna kwaikwayon tugewa. Ba wurin da ya fi mana daɗi a labarin kamar nan. Iya takan bar mu mu yi ta maimaitawa, tana kallonmu ta bayan wuta, ba ta dariya.

Aka tuge geron Mati tas. Ya bi gida-gida yana neman iri, ba wanda ya ba shi. A shekarar kuma ruwa ya ɗauke da wuri. Gandun sarki ya nuna, tunda shi aka fara shukawa. Geron talakawa ya bushe tun bai fid da kai ba. Da yunwa ta shigo, mutane suka ce ga abin da liman ya ji tsoro, Mati ne ya jawo. Suka fitar da shi da rana tsaka, shi da matarsa da 'ya'yansa, suka hana su ko guga ɗaya a rijiya. Autansa ya mutu a gindin wani gawo da ke bakin hanya. Shi ma Mati a nan ya cika. Sarki kuma ya buɗe rumbu ya auna wa kowane gida ɗan abin da zai riƙe rai, daga geron da su suka noma masa. Mata suka yi ta guɗa.

"Bayan shekaru sarki ya mutu," in ji Iya. "Sabon sarki ya zo da nasa limamin, wanda ba ya shiri da tsohon. Ya ce Mati bawan Allah ne, zaluntarsa aka yi. Daga nan, duk shekarar da ruwa ya tsaya, gindin gawon nan ake zuwa roƙon ruwa."

"Su wa ke zuwa?"

"Su ɗin dai. Maƙwabcin ne ma ke share wurin."

"Gandun fa, Iya?"

"Yana nan. Sabon sarki ya ƙara masa faɗi. Ta ƙare, ku kwashe ƙafafunku, karana ya ƙone."

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin na mugun sarki da mugun liman. Sai da na zauna a Magariya na sake jin sa da wani kunne. A unguwarmu akwai wani tela, Malam Sani. Wani mai neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, ya rufa wa masallacinmu kwano, liman ya fara nuna wa jama'a inda ya kamata ƙuri'a ta faɗa. Bayan sallah Malam Sani ya miƙe ya ce kwano dai an gode, amma ƙuri'a ta mai ita ce. Ba jandarma ko ɗaya da ya zo ƙofarsa. Mutane ne suka riƙa zuwa shagonsa suna karɓe yadinsu, ana gab da Sallah, har wanda aka riga aka yanka. In ya yi sallama a teburin mai shayi, sai a ci gaba da hira. Da matarsa ta haihu, ya shimfiɗa tabarmi ranar suna, rana ta fito ta same su kusan ba kowa. Ɗan takarar, na tabbata, ko sunansa bai sani ba. Malam Sani ya ɗora kekensa na ɗinki a amalanke, ya tsallaka iyaka wurin danginsa.

Da mulki ya sauya hannu, a teburin mai shayin nan na ji ana cewa, "Ai Sani ya faɗa. Mutumin kirki, mai gaskiya." Wanda ya fi kowa yabonsa shi ne ya fara karɓe yadinsa.

A ranar na tuna cewa Iya ba ta taɓa ba mu muryar sarki ko ta liman ba. Muryar jama'a ta ba mu, mu kuma muka karɓe ta da tafi. Na kuma tuna wata tambaya da na taɓa yi mata, wuta tana mutuwa. Na ce, "Iya, kowa a tatsuniya yana da waƙarsa. Me ya sa Mati ba shi da ita?"

Ta tura guntun kara cikin toka ta ce, "Maigida, in ya yi, wa zai amsa masa?"