Koren Dutsen Kawu

Shekarar da ƙasa ta samu 'yanci ina da shekara sha huɗu, kuma a unguwarmu ta Aboabo ba akuyar da ba ta san ƙafata ba. A shekarar Kawu ya dawo daga ramin zinariya da tari da wani ɗan dutse kore shar, mai ƙyalli kamar gilashi. Ya ajiye shi a kan taga. Na ɗauke.

So nake in zama yarinyar farko a Zongo, unguwannin Hausawa baƙi, mai koren tozali. Na fasa rabi, na niƙe a kan dutsen niƙan Inna, na kwashe garin, na goge dutsen da bakin zane. Sauran rabin na kai wa wani tsohon maƙerin zinariya, Ba'asante, a unguwar Krofrom, ko zai saya.

"Papa, sarauniyar Ingila ma ba ta da irinsa," na ce masa.

Bai yi dariya ba. Ya ɗora ɓarɓashi a kan gawayi, ya hura masa wuta da siririn bututu. Farin hayaƙi ya tashi, rumfar ta cika da warin tafarnuwa. Ya janye ni waje. Da muka dawo, sai ɗan ƙwallon jan ƙarfe ya rage a gawayin.

"Jan ƙarfe ne ya sa shi kore," in ji shi. "Warin nan kuwa na abokin zamansa ne, gubar asinik. Shi ke busar da itatuwa a bayan bututun hayaƙin rami. In yana dunƙule, da sauƙi. In ya zama gari ya shiga ciki... Yarinya, ina rabinsa?"

Ban tsaya amsa ba. Na yi gudun da har motar haya ta ji kunya.

Na tarar Inna ta gama niƙa barkono a kan dutsen niƙan nan, miya na tafasa, ƙannena uku sun jeru da kwanoni. Na sa ƙafa na kife tukunyar.

"Ke! Aljanu ne?"

Na faɗi komai, har satar. Na miƙa baya ina jiran tsintsiya, ba ta zo ba. Inna ta dubi ludayin da ke hannunta.

"Sau biyu na ɗanɗana gishiri," in ji ta a hankali.

Ta kira ƙannena ɗaya-ɗaya, ta ce su buɗe baki. Ba wanda ya lasa. Sannan ta zauna a ƙasa.

Kafin la'asar Inna ta fara amai. Baba ya tafi neman motar asibiti, ni kuma na riƙe mata kai, ina ƙirga numfashinta. Kwana huɗu ta yi a asibiti. Da ta dawo, da ƙafarta ta shigo, amma sai da Baba ya riƙe ta a bakin ƙofa.