Famfon da Inna ke shafa wa mai

Warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ke fara fitowa kafin ruwan. Haka famfon tuƙa-tuƙa na ƙauyenmu, kusa da Adabka, yake tun ranar da aka haƙa shi. Sai a tuƙa, ya yi tari, warin ya bugi hanci, sannan ruwa ya zubo. Idan ya kwana a randa warin kan tafi, don haka ba wanda ya damu.

Kafin famfon, tafkin bayan gari muke sha, inda masu zinare ke wanke dutsen da suka niƙa. Da yara suka yi ta ciwo, ma'aikatan lafiya suka ce gubar dalma ce, Inna ta rantse ruwan tafkin ba zai ƙara shiga gidanmu ba. Rijiya mai kyau kuwa tana wani ƙauye, tafiyar da gwiwoyinta ba sa iyawa. Shi ya sa ta riƙi famfon kamar ɗan goyo.

Duk Juma'a takan goge kansa da toka, ta shafe shi da man kaɗe, yadda take yi wa wuƙaƙenta kafin damina. Ni ke riƙe ƙoƙon man, ina kallon rana tana wasa a jikin ƙarfen.

"Yaya, amarya kike shiryawa?" in ji maƙwabciyarmu, tana jiran layi da tulunta.

"Wanga ya hi amarya," Inna ta ce. "Bai taɓa yin yaji ba."

"Sai dai warin baki."

"Ki toshe hanci ki sha, ke ma ba turare kike ba."

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da Inna, aka yi makonni ba a shafa man ba. Bayan ta tashi ba da daɗewa ba, ruwan ya fara zuwa baƙi-baƙi, sai kuma hannun famfon ya yi sakwaf, ana tuƙawa ba komai. Mai gyara ya zo a babur daga Bukkuyum, ya zaro bututun ƙarfen da ke cikin ramin famfon ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a ƙasa. Cikinsu ya yi baƙi ƙirin, da ƙananan huji kamar cin gara. Ɗaya ya tsage a tsaye.

Inna ta durƙusa da ƙyar, ta shafa tsagar da yatsa.

"Da ban kwanta ba," ta ce, ba ta ƙarasa ba.

Ba a samu sababbin bututu ba a wannan shekarar. Wasu gidaje suka koma tafki. Mu muka kama hanyar rijiya, ni a gaba, ita a baya tana tsayawa ƙarƙashin kowace inuwa. Da yamma takan miƙe ƙafa a tabarma, ta shafa wa gwiwoyinta ragowar man kaɗen.

Sai da na je jami'a, a wani aji mai zafi ina gyangyaɗi, malami ya nuna mana hoton bututun rijiyar man fetur da ya lalace. Na gane baƙin, na gane tsagar. Ya ce iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ce ke cin ƙarfe, kuma akan same ta har a ruwan wasu rijiyoyin burtsatse. Daga ciki take ci, can ƙarƙashin ƙasa, inda hannun Inna bai taɓa kaiwa ba.