Kwalin Ɓatattun Hotuna na Baba Cire-Hannu

Ƙarfe takwas saura kwata yake isowa, kullum ta Allah, sai fa in jiki ya ƙi. Ba ya bi ta ƙofar gaba inda masu sayen burodi ke layi. Ta lungun baya yake shiga, ya ratsa buhunan fulawa, ya yi wa Mai Tanderu sannu da wuta, ya ajiye jakarsa a kan kujerar nan mai gurguwar ƙafa. Daga nan sai taga. A ɗakin kwalliya na gidan burodin unguwarmu akwai wata 'yar taga da ke kallon farin bangon maƙwabta. Rana ba ta shigowa ta nan kai tsaye. Sai ta fara dukan bangon, ta huce, sannan ta sulalo a hankali ta kwanta a kan teburin katako, ƙurar fulawa na yawo a cikinta ba gaggawa. Wannan hasken yake zuwa tarba. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana tarbarsa, kamar mai jiran baƙo a tasha.

Aikinsa ɗaukar hoton kek. In na faɗa wa mutane haka sai su yi dariya, su ce shi ma aiki ne? Aiki ne mana. Duk kek ɗin da aka yi a gidan nan, har da donat da biskit in an sauya musu fasali, sai ya tsaya a gaban kyamararsa kafin ya fita. Hoto ɗaya ya shiga kundin da ke kan kanta, wanda masu oda ke buɗewa su zaɓa. Ɗaya kuma a liƙa a murfin kwali, mai kek ya tafi da shi gida. Kek dai ba ya kwana. A shafe yini biyu ana yin sa, a cinye shi kafin shayi ya huce. Abin da ke saura shi ne abin da wannan bawan Allah ya ɗauka.

Wannan watan ya ajiye kyamara. Yanar ido ta fara rufe masa gani, hasken da ya saba ganewa tun daga bakin ƙofa yanzu sai ya tambaya ko ya iso. Shi ya sa na ce bari in rubuta wani abu tun yana iya sa a karanta masa. Ina kuma da dalilina na kaina: mahaifiyata ta rasu ba ta bar mana hoto ko ɗaya ba, kuma saura ƙiris fuskarta ta ɓace mini. Zan zo kan wannan.

Sunansa na gaskiya, ko Mai Gidan Burodi sai ya yi ɗan tunani kafin ya tuna. Kowa Baba Cire-Hannu yake ce masa, kuma Innata ce ta jawo masa. Ita ce mai kwalliyar kek a gidan, shekara ashirin da shida. Inna ba ta san an gama ba. A ɗora kek a tebur, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya sunkuya, ya riƙe numfashi, sai ga hannunta ya leƙo daga gefe yana taɓa furen kwalliyar da ke kan kek ɗin.

"Mai Kwalliya, cire hannu!"

"Furen nan ya karkace."

"Tun ɗazu kike miƙe shi. Haske zai tafi."

"To ya tafi mana, ai gobe ma zai dawo. Furen da ya karkace fa, wa zai shiga hoto ya gyara mini?"

Sau da yawa yatsansa ya riga ya danna. Ƙyas! Hoto ya ɓaci, sai an sake. Ya dafe kai, ita kuwa ko a jikinta. Haka suka yi ta yi kowace safiya, har ma'aikata suka riƙa amsa masa baki ɗaya kamar 'yan amshi, har yaran layi suka ɗauka sunansa ke nan.

Abin dariyar, ita da ke ɓata hoton mutane ba ta yarda a ɗauki nata. In ya juyo da kyamara wajenta da wasa, sai ta kare fuska da faranti, ta ce, "Ni aka yi oda? Ɗauki abin da aka yi oda." Ranar bikina ma a madafa ta maƙale har mai hoto ya tafi. Hotonta ɗaya tilo shi ne na katin shaida, shi ma ruwa ya jiƙa shi ya koma farin tabo.

Kafin in kai ga nawa, ga kaɗan daga abin da wasu suka gani. Mai Tanderu ya ba ni labarin ranar da ya ɗan shagala, gefen wani kek ya ƙone. Lokacin an fara gyaran hoto a kwamfuta, sai Mai Gidan Burodi ya ce a goge ƙunar a wuce wurin. Baba ya rufe idon kyamara, ya ce, "Maigida, in na yi wa kek ƙarya, gobe wani zai nuna hoton ya ce irin wannan yake so, ku kuwa ba ku taɓa yin irinsa ba. A sake gasawa, zan jira." Ya jira har washegari, don hasken ranar ya wuce. Mai Tanderu ya ce ya ji haushinsa na mako guda, amma tun daga nan bai ƙara barin tire a wuta ya tafi hira ba.

Akwai kuma wani tsohon direba da likita ya hana shan zaƙi. Duk ranar Laraba sai ya zo ya zauna a bencin ciki, Baba ya sauko masa da kundi, su haɗa shayi ba sukari.

"Yau wanne za mu ci?" in ji direban.

"Ga wani mai lemo, na shekarar da aka yi ruwa da yawa. Amma ka ci a hankali, yana da nauyi."

Su yi ta buɗe shafi suna lumshe ido, direban na lasar baki, har ya ce ya ƙoshi, ya yi godiya ya tafi. Shi Baba ko can bai damu da zaƙi ba. Shekara talatin da ɗaya a gidan kek, ba wanda zai rantse ya ga ya kai loma baki. In an tsokane shi sai ya ce ai ya riga kowa ci, da ido.

Kai ne mai jiran haske, Baba. Kai ne ka ɗauki abin da kowa ke ganin na 'yan sa'o'i ne, ka tsaya masa da natsuwar da ake tsaya wa babban mutum. Ba ka taɓa sa sunanka a bayan hoto ba. A gidaje nawa aikinka ke liƙe a jikin firij da cikin akwatin tufafi, masu shi ba su ma san kamanninka ba?

To, ga nawa. Shekara uku bayan rasuwar Inna, 'yata ta dawo daga makaranta da aikin gida. An ce kowa ya kawo hotunan iyaye da kakanni a liƙa a takarda. Tana da shekara shida lokacin, ba ta riƙe komai na kakarta ba. Ta ce, "Mama, Kaka kamar wa take?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa, na rufe ido don in gano Inna. Ɗankwalinta ya zo. Muryarta ta zo, har da ƙamshin bota da ba ya barin jikinta. Fuskar ce ta ƙi. Kamar gilashin da tururi ya rufe, ina ganin akwai mutum a baya, amma ban ga ido ba, ban ga baki ba. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko ranar da ta rasu, don ranar nan na san tana cikin kaina. Yanzu daga can ɗin ma ta kama hanya.

Da safe na tafi gidan burodi, wurin da na daina ko bi ta ƙofarsa. Na sami Baba a bakin taga. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, don Allah, ko da guda ɗaya. Ko wanda ka ɗauka ba ta sani ba."

Ya daɗe yana goge idon kyamara da gefen rigarsa. Sannan ya ce, "Fuskarta ba ni da ita, 'yata. Ba ta taɓa yarda ba, ni kuma ban taɓa sata ba."

Na miƙe zan tafi, hawaye sun riga sun cika mini ido. Sai ya ce, "Amma ki dawo jibi, lokacin haske. Ki zo da yarinyar."

Da muka dawo, ba kek a kan teburin. Wani tsohon kwalin biskit ne a kujera, an rubuta "ɓatattu" a jikinsa da biro. Teburin kuwa ya rufe shi da hotuna daga wannan gefe zuwa wancan, layi bayan layi, shekara bayan shekara. Kwana biyun da ya ce in jira, jera su yake yi, yana kai kowanne kusa da ido don ya karanta kwanan watan da ke baya. Sun fi ɗari huɗu. A kowanne akwai kek, a gefen kowanne kuma akwai hannu.

Hannun Inna ne. A layin farko sumul yake, da siririn zobe. Can gaba ga tabon ƙuna a wuyan hannu, wanda tire ya yi mata shekarar da na shiga makaranta, na tuna har da tsumman da ta ɗaure shi. Ga zoben ya koma wani yatsa da hannun ya yi ƙiba. Ga jijiyoyi sun fara tasowa. A layin ƙarshe hannun ya ɗan yi dishi-dishi, kek ɗin kuwa tar, don a lokacin hannun nata ya fara rawa. Amma tun daga na farko har na ƙarshe, ƙaramin yatsanta a ɗage yake, a ɗan lanƙwashe, yadda take yi in za ta taɓa fure.

Ina bin layin da ido, hasken nan na kwance a kan hotunan, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar tire daga can ciki. Ban san lokacin da abin ya faru ba. Daga yatsan na hau zuwa wuyan hannu, daga nan zuwa kafaɗa, sai ga ta. Ta ciji leɓenta na ƙasa, ta kanne ido ɗaya, ta karkatar da kai tana harar furen kamar ya yi mata rashin kunya. Fuskar Innata, cif, har da ɗan tabon da ke gefen hancinta. Na zauna a kujerar nan mai gurguwar ƙafa na yi kuka mai isata, kukan daɗi da na kewa a haɗe.

'Yata ba ta kula ni ba. Ta ɗora hannunta a gefen wani hoto, ta duba nan, ta duba can. Ta ce, "Mama, ɗan yatsan Kaka irin nawa ne."

Na tambaye shi me ya sa ya ajiye su, shi da ya yi shekaru yana faɗa a kansu. Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Wallahi na sha ɗaukar kwalin zan kai bola. Sai in buɗe, in ga hoton kek ne ya ɓaci. Na hannun kuwa ko ɗaya bai ɓaci ba."

Kai ne ka mayar mini da mahaifiyata, Baba, ba tare da ka saɓa mata ba. Ta ce kada a ɗauki fuskarta, ka kiyaye. Abin da ta miƙo da kanta, shi ka adana.

Ranar Asabar da ta wuce aka yi masa sallama a ɗakin kwalliya, da safe, don ya ce ba zai zo taron da ba haske ba. Ni na yi kek ɗin. Ban gaji Inna ba, kowa ya shaida, furanni uku na yi kuma dukkansu kamar an taka. Mai Tanderu ya kalla ya ce shi dai nasa gashin ba laifi. Baba ya kafa kyamara da lalube, ya tambaya ko hasken ya kai tsakiyar tebur, aka ce ya kai. Ya sunkuya ya riƙe numfashi. Ni kuma sai na ga fure ɗaya ya karkace ƙwarai. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ya tafi.

Na ji ma'aikata sun ja numfashi za su amsa baki ɗaya. Na fara janyewa da kunya. Ashe duk da yanar, ya ga inuwar hannun.

"Bar shi, 'yata," in ji shi. "Bar hannun."

Ƙyas!

Ku da ke da kyamara a aljihu yanzu, kuna ɗauka kuna gogewa kafin ƙiftawar ido, ku ɗan dakata kafin ku goge wanda kuka ce ya ɓaci. Ku duba gefensa, ku ga wa ya leƙo. Ku kuma masu ƙananan ayyukan da ba a tafa wa, ku yi su yadda wannan dattijo ya yi nasa, da haƙuri da gaskiya, ba ku san wa zai zo nema wata rana ba.

Na gode, Baba Cire-Hannu. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa ka huta cikin daɗin rai. Hoton ƙarshe da ka ɗauka yana bangon ɗakina, kusa da na hannun Inna. 'Yata ce ta fara lura cewa ƙaramin yatsana a ɗage yake. Furen kuwa har yau a karkace.