Gonar da Maman Bulus ta hana a haƙa

Shekara biyar ke nan da rasuwar Rifkatu, wadda duk mai sayen citta a Kafanchan ya sani da Maman Bulus. Ba ta taɓa karanta jarida ba, kuma da tana raye za ta ce in daina ɓarnar takarda. Duk da haka zan rubuta, domin na gaji da abin da ake rubutawa a kan yankinmu. Tun rikicin 1987, da zarar ka ce daga Kafanchan kake, sai a dube ka da tausayi, kamar ƙasar nan ba ta fitar da komai sai hayaƙi. Wanda bai taɓa tsayawa a magangarar ruwan Matsirga feshin ruwa ya jiƙa masa riga daga nesa ba, wanda bai taɓa ganin girgije ya sauko ya zauna a kan duwatsun Kagoro ba, wanda bai ma san daga gonakinmu cittar shayinsa ta fito ba, wai shi ne zai gaya mana ko mu su wane ne.

Ni malamar firamare ce, amma a kasuwa na tashi. Kakana ya zauna a garin nan tun zamanin da jirgin ƙasa ke da daraja, mahaifina kuma sayen citta ne sana'arsa. A rumfarsa na san Maman Bulus, manomiya daga wani ƙauye kusa da Kagoma, Kirista, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda. Bayan rikicin, da ƙafa ta ɗauke tsakanin gari da ƙauye, ita ce ta fara zuwa ƙofar gidanmu da buhu a bayan babur. Ta ce wa mahaifina, "Alhaji, citta bai san faɗa ba. Auna." Haka Hausarta take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, amma ba a taɓa kasa gane abin da take nufi ba.

Wata shekara da kaka, Maman Bulus tana tonon citta, fartanyarta ta bugi wani abu. Kan mutum ne na yumɓu, bai kai girman ƙwaryar fura ba, idanunsa a huje, gashinsa an ɗaure shi ƙulli-ƙulli. Irinsa ne aka fara tsinta a Nok, wanda ba shi da nisa da su, kuma masana sun ce irin waɗannan kawunan sun haura shekara dubu biyu. Wani dattijon cocinsu ya ce gunki ne, a fasa. Mahaifiyata ma da ta ji labari ta ce kada in kuskura in taɓa shi. Aƙalla dai a ranar an samu abin da ɓangarorin biyu suka yarda a kai.

Da na je, ta fito da shi daga rumbu a naɗe cikin tsohon zane. Ta ce, "Malama, dubi kitso. Haka kaka na yana yi. Ba dodo ba ne, mutum ne. Ya riga ni noma a nan." Ba ta yi masa addu'a, ba ta jin tsoronsa. Ta mayar da shi rumbu kusa da acca.

Bayan 'yan shekaru sai baƙi suka fara shigowa ƙauyukan a kan babura, kuma ba citta suke tambaya ba. Kawunan yumɓu suke so, a fitar da su waje. Samari suka ajiye fartanya suka ɗauki diga. Na ga gonaki da idona an mayar da su ramuka, an binne baƙar ƙasar da ke ba da abinci, an bar jar ƙasa a sama, ruwa ya taru, awaki suna faɗawa. Da labari ya bazu cewa an taɓa tsintar kai a gonar Maman Bulus, sai ido ya koma kanta.

Gonar ta dangin mijinta ce. Ƙanin mijin, Yohanna, ya amince a haƙa. Ba mugu ba ne, 'ya'yansa suna makaranta, kuma yana ganin maƙwabta suna rufin kwano. Ta ƙi, magana ta kai gaban dagaci, ta aiko in zo in zauna kusa da ita.

Yohanna ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasar ubanmu ce. Ita aure ya kawo ta."

Ta ce, "Aure ya kawo ni, amma ba aure ya yi kunya a gona nan ba. Ni ne. In an tone shi, Bulus zai noma rami?"

Dagaci ya so ya raba gardama ba tare da ya ɓata wa kowa ba. Ya ce ba a haƙa gonar da ke da shuka a ciki, amma ranar da ta tone cittarta, ƙasa ta koma hannun dangi su yi yadda suka ga dama. Yohanna ya karɓa da murna, don ganyen cittar ya riga ya fara bushewa.

Sai ta ƙi tonewa.

Mutanen birni ba su san wannan ba, amma citta tana iya kwana a ƙasa. Ganye ya mutu, rani ya wuce, ruwa ya sauko, ta sake tsirowa. Manomi kan yi haka in kasuwa ta faɗi. Ita kuwa ta yi shi a shekarar da kasuwa ta yi kyau, masu saye suna bin mutane har gona. Ta lulluɓe kunyoyinta da ganye ta koma gida. Wani sashe ya ruɓe a ƙasa. Ta ci acca da rogo har suka fita ranta, Bulus ya zauna a gida zango guda babu kuɗin makaranta. Da ta ga ba makawa, sai ta riƙa tone gefe ɗaya tana barin ɗaya, ba ta taɓa wanda ta bari sai ta sake dasa na farkon. Gonar ba ta ƙara zama babu shuka ba. Yohanna ya koma wurin dagaci, dagaci ya ce shi dai abin da ya faɗa ya faɗa. Dangi suka daina gaishe ta, a coci ma aka bar mata benci ita kaɗai. Ta ci gaba da zuwa, tana zama a tsakiyarsa.

Na taɓa ba ta shawara ta kai kan nan gidan tarihi, a ajiye shi a hukumance, ta huta. Har yau ina ganin shawara ce mai kyau. Ta ce, "Ko na kai wannan, sauran suna ƙasa. Gona suke so, Malama." A nan ta fi ni gaskiya. Da masu haƙa suka gaji suka yi gaba, sai ciwo ya kama ta. Kafin ya kwantar da ita, ta ɗauki kan ta mayar da shi ƙasa, ba ta nuna wa kowa wurin ba, har ni. Abin da kawai ta ce wa ɗanta shi ne, "Ka yi noma, kada ka yi nema."

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Jirgi ya zama sai an yi sa'a ake jin kukansa a tasha. Samarin da suka yi haƙa da yawansu suna acaɓa a gari, kuɗin ya tafi, gonar ma ta tafi. An ce kawunan da aka kwashe suna cikin gilashi a ƙasashen da ba za su ba jikokin masu su izinin shiga ba. Ba na jin za ta yi dogon bayani. Za ta tambayi ko ruwa ya sauka, ko an samu ganyen rufe citta.

Ba ta bar hoto ko ɗaya ba, kuma sunanta ba ya cikin littafin tarihin kowa. Amma bana da aka fara shirin dashe na je ƙauyen, na tarar da Yohanna, ya tsufa, tsaye a bakin gonar Maman Bulus da buhu a hannu. Ya cike ramukan da ya haƙa a tasa gonar, yana so ya koma noma, kuma ba shi da iri. A ƙauyen duka, a nan ne kawai irin cittar bai taɓa yankewa ba. Bulus ya ja ni gefe ya ce, "Malama, da Mama yana nan, zai ba shi?"

Na ce za ta ba shi, amma sai ya shiga ya tona da hannunsa.

Bulus ya miƙa wa baffansa fartanya. Tsohon ya tuɓe takalmi ya shiga, ya sunkuya yana tono a hankali, kada ya yanki ko ɗaya.