Ta Arba'in a Rumfar Madam Latifa

A Garin Nomau, can cikin karkarar Gidan Sori, in ka ce Latifa sai a tambaye ka wacce. Amma ka ce Madam ta jardan, ko ɗan yaye ya nuna maka gidansu. Jardan ɗin nan kada ka ɗauka wani gini ne. Rumfar kara ce a gefen lakol, wato makarantar boko, ana tayar da ita kowace shekara bayan an girbe gero, a shimfiɗa tabarmi huɗu, a tara yaran da ba su isa shiga aji ɗaya ba. Su yi waƙa, su ƙirga tsakuwa, su koyi wanke hannu, da hantsi kuma kowa ya sha kofi guda na kunu mai sukari. In za a faɗi gaskiya, don kunun nan ake kawo rabinsu, domin akwai gidajen da ba a hura wuta sai la'asar.

Latifa ɗiyar garin ce. Ta yi koleji a Tibiri, jarrabawar ƙarshe ta kayar da ita da maki kaɗan, ta dawo gida ta auri Rabi'u, wanda ke tafiya cin rani Agadas tun kaka, sai damina a gan shi. Da aka buɗe jardan ana neman mace mai karatu, ba wata sai ita. Siririya ce, ba ta da yawan magana, ba ta duka, amma in ta tafa hannu sau ɗaya sai rumfar ta yi tsit. Haihuwarta ɗaya, mace. Shekara biyu da wata uku yarinyar ta yi a duniya, zazzaɓin damina ya ɗauke ta a kan amalanken jaki, kafin a kai likita.

To, kun san al'ada, mace ba ta kama sunan ɗan farinta. Latifa 'yar lakol ce, amma a wannan fannin ta fi tsofaffin garin riƙo. Tun ranar suna har ranar da aka sa yarinyar a ƙasa, ba ta taɓa buɗe baki ta kira ta ba. "Ke" ce, "'yar nan" ce. A gaban surukai ko kallonta ba ta cika yi ba. Ranar rasuwar ma ba a ga hawayenta ba, aka yi ta yabonta, wai mai kunya, wai mai haƙuri. Yabon banza! Ni da ba ni na haife ta ba ina iya faɗa muku, Farida sunanta. Takardar haihuwarta tana ƙasan kwalla, naɗe cikin tsohon kallabi, shekara uku ba a taɓa ta ba.

Bana, ana gama ɗaure rumfa, direktan lakol Malam Tsoho ya dawo daga taro a Gidan Rumji fuska ba daɗi. Masu buro, manyan ofis ke nan, sun ce duk jardan ɗin da bai kai yara arba'in ba, kowanne da takardar haihuwarsa, rufe shi za a yi. Geron kunu da sukari da ɗan abin da ake ba malama a wata, duk a mayar wani gari. Mai duba makarantu zai zo da kansa ya ƙirga. Kai jama'a! Mutum yana zaune ƙarƙashin fanka yana cewa takarda, kamar a kasuwa ake tsintarta. Wadda ta haihu a likita ita ke samun takarda. Wadda ta haihu a ɗaki, kafin a gama noma a je nema, wa'adi ya wuce, sai an je gaban alƙali, sai an hau moto an je an dawo. Wa zai bar gonarsa?

Sai mata suka yi abin da iyayensu suka saba yi. Kusan kowane gida akwai takardar da mai ita ya riga mu gidan gaskiya. Uwa ta buɗe kwalla, ta ɗauko ta wan, ta riƙo hannun ƙanen, ta zo rumfa. Latifa ta karɓa ta rubuta. Ba wanda ba ta sani ba a cikin masu takardun, ta je gaisuwar kowannensu. Yara talatin da tara suka taru, goma sha ɗaya a cikinsu da sunan matattu.

Kullum da safe sai ta buɗe littafi ta kira suna. "Mas'ud Audu." Wani ɗan kumatu da ake kira Dogo a gida ya miƙe ya ce, "Ga ni, Madam." Mas'ud kuwa shekararsa biyu kwance a bayan gari. Da farko tsigar jikinta kan tashi, daga baya ta saba, ko kuma ta ɗauka ta saba.

Iya Mariyama, tsohuwar da ke dama kunu, ita ta fara lura. Wata safiya ta tsayar da muciya ta ce, "Madam, ki kasa kunne ki ji abin da yaran nan ke yi."

Latifa ta kasa kunne. Yaro mai takardar kansa, sau ɗaya yake amsawa. Goma sha ɗayan nan kuwa sau biyu. Su ce "ga ni" da ƙarfi, su ɗan yi shiru, sannan su sake cewa "ga ni" ƙasa-ƙasa, kai a sunkuye. Da ta dubi tabarmi sai ta ga wani abin kuma. Duk matsin da ake yi, kowannensu ya bar ɗan fili a gefensa, daidai zaman yaro guda, ba kuma wanda ke matsawa ciki.

Ta kira Dogo ta ce, "Wa ya koya muku amsawa sau biyu?"

Ya ce, "Ba kowa. In ban amsa masa ba, fushi yake yi."

Iya Mariyama ta yi a'uziyya, ta koma kan tukunyarta. Latifa ta ji tsoro, tsoro na gaske. Amma ba ta hana su ba, don ba ta san me za ta ce su daina ba.

Saura ɗaya dai. Malam Tsoho ya bi gida gida, ba sauran yaro, ba sauran takarda. Ana cikin haka Fulani suka sauka da shanunsu a gonakin da aka girbe. Matar wani Bakari takan wuce ta gaban lakol da ƙwaryar nono, ɗiyarta Fendo na biye, 'yar shekara biyar, Hausa ba ta zauna mata a baki ba. Kullum sai yarinyar ta tsaya bakin rumfa tana kallon masu shan kunu. Ga yarinya, ba takarda.

Malam Tsoho ya zo ya tsaya, yana kallon ƙasa, yana tona rairayi da takalmi. Ya ce, "Madam, ki gafarce ni. Ke ma ai akwai takarda a ɗakinki."

Ta dubi yaran, ta dubi tukunyar Iya Mariyama. Washegari ta zo da kallabin a naɗe, ta ajiye masa a kan tebur ta fita. Da hannunsa ya rubuta lamba ta arba'in. Uwar Fendo ta yarda ba gardama, ita dai a ba ɗiyarta kunu, a sako mata ita kafin azahar.

Nan fa aka yi kuskuren. Mako biyu cur, kullum Latifa ta kira talatin da tara, in ta zo kan na ƙarshe sai ta ɗaga kai ta dubi yarinyar, ta ce "ke", ta sa alama ta rufe littafi. Bakinta ya ƙi. Malam Tsoho ya ɗauka Madam ta koya wa yarinyar sunan. Iya Mariyama ta ce ita bakinta ba zai ɗora wa ɗiyar mutane sunan mamaciya ba. Haka Fendo ta yi ta shan kunu, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa a littafin gwamnati wata ce ita.

Ran Talata da hantsi mai dubawa ya iso a kan moto, wani Malam Ubaidullahi. Ba mugu ba ne, sai dai ya sha ganin garuruwan da ke aron yara daga maƙwabta ranar da za a ƙirga, don haka yana da hanyarsa. Ya karɓi littafi da takardu ya zauna a kan benci. Zai kira suna, wanda ya ji nasa ya amsa da kansa, ya tashi ya fita waje. Ba nuni, ba ƙifta ido. Wanda bai san sunansa ba, ɗan aro ne.

Ya fara kira. Yara na amsawa suna fita. Da Dogo ya amsa sau biyu, mutumin ya ɗaga kai ya dube shi, ya ci gaba. Rumfar ta yi ta ragewa har tabarmi huɗu suka zama wayam, sai Fendo ita kaɗai a tsakiya, tana wasa da ɗan yatsan ƙafarta.

"Farida Rabi'u."

Yarinyar ko motsi.

Ya sake kira da ƙarfi. Ta bi wani ƙuda da ido. Malam Tsoho ya fara share gumi da hularsa. A waje muciyar Iya Mariyama ta tsaya. Mai dubawa ya rufe bakin alƙalaminsa, ya ce, "Madam, talatin da tara nake gani. Ko dai baƙuwar murya ce ba ta so? Ke kira ta. Sau ɗaya."

Latifa ta ji harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. A zuci ta ga rumfar an kwance ta an ba awaki karan, ta ga yara talatin da tara zaune a ƙofar gidajensu da hantsi ciki ba komai. Ta buɗe baki. Abin da ya fito ba muryar Madam ba ce, wata murya ce siririya, mai rawa, wadda ita kanta ba ta taɓa ji ba.

"Farida."

Yarinyar ta ɗago kai a hankali. Ta ce, "Na'am," da Hausa tsaf. Ta tashi, amma ba ta nufi ƙofa kamar sauran ba. Ta tako da ɗan taku mai tangaɗi, irin na yaron da bai daɗe da koyon tafiya ba, ta zagaya bayan Latifa, ta kama zanenta, ta ɗaga hannu biyu a goya ta.

Mai dubawa ya yi dariya ya ce, "Ashe 'yar lelen Madam ce." Ya rubuta arba'in, ya buga hatimi, ya sha ruwa, ya hau motonsa. Malam Tsoho ya yi ta hamdala har da ƙwalla. An bar musu jardan, an bar musu kunu.

Kafin azahar uwar Fendo ta zo, ƙwarya a ka, ta tsaya bakin rumfa yadda ta saba. Yarinyar na zaune a tabarma ta ba ƙofa baya, tana jera tsakuwa.

"Fendo!"

Ba ta juyo ba.

"Fendo!" Ta ƙara da Fulatanci, da faɗa, sannan da lallashi. Yarinyar ta ci gaba da jera tsakuwarta, kamar wata ake kira a wani gida.

Matar ta sauke ƙwaryar a hankali, ta dubi Latifa, idonta ya cika da tsoro. Ta ce, "Madam, mi kika yi wa ɗiyata?"

Latifa ta san kalmar da za ta faɗa yarinyar ta juyo nan take. Tana nan a bakinta, yanzu ba nauyi ko kaɗan. Abin da ya firgita ta shi ne tana son ta sake faɗa.