Doyar Baba a Bakin Teku

Shekarar da likita ya ce idon babanmu ba zai gyaru ba, sai dai ya yi ta raguwa, a shekarar ya ce yana so ya ga teku. Manomi ne a Garatu, babban ruwan da ya sani shi ne kogin Chanchaga in ya cika a tsakiyar damina. Ƙanena yana aiki a Badagry, can bakin teku, masauki ba matsala. Na ce mu tafi a makon nan. Baba ya ce atafau sai an haƙi sabuwar doya, shi ba ya zuwa garin mutane hannu rabbana.

Ranar na yi masa faɗa kamar ni na haife shi. Kowane wata in na je daga Fadikpe, unguwar da nake zaune a Minna, sai in tarar ganin ya ƙara ja baya, har ya kai ga sai na yi magana yake gane ni. Tsoro nake ji mu isa can ya zama wahalar mota kawai muka sha. Shi kuwa ko a jikinsa, sai lissafin wace kunya ce za ta fi ba da manya.

Da doya ta fito muka kama hanya, buhu a bayan mota, shi a gefen taga yana tambayata sunan kowane gari. A Badagry ya raba doyar nan ga mai gidan ƙanena da maƙwabta, ya ware guda ɗaya, mafi girma, ya ce ta mai jirgin da zai haye da mu ce, amma sai ya dawo da mu lafiya.

Da safe muka shiga kwalekwale. Kafin teku akwai wani ruwa kwantacce, gefensa itatuwa ne masu saiwa a waje, tsaye cikin taɓo. Ni ce idonsa: ga ƙaguwa tana gudu a karkace, ga wani tsuntsu ya faɗa ruwa ya fito da kifi, ga bishiyoyin kwakwa jere. Fararen balbelu ya gano da kansa, ya yi ta neman shanun da suke bi. Da aka ce masa babu shanu, kifi suke ci, ya ce lallai kowa ya zo kudu sai ya canza hali. Mai jirgin ya yi dariya har ya kusa sakin sandarsa.

Daga inda muka sauka akwai doguwar hanyar rairayi. Mai jirgin ya ce ta nan ake bi da bayi a dā, zuwa jiragen Turawa. Baba ya tsaya. Ya ce kakarsa ta ba shi labarin yadda mutanenmu suke hawa duwatsu su ɓuya in mahara sun zo, wanda aka kama ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Ya cire hularsa, bai mayar ba sai ƙarshen hanyar.

Ƙarar tekun ce ta fara tarar mu. Baba ya cire takalmansa, ya ajiye su tare da doyar a kan busasshen rairayi, taku kaɗan daga inda ruwa ya tsaya. Haka ake yi a gida, kogi ba ya tashi sai da ruwan sama, kuma ranar rana ce tas. Ni ma ban ga laifin hakan ba. Na riƙe hannunsa muka shiga har idon sawu. Ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce wannan ko gero ba zai yi ba.

Sai ya shiga ƙanƙance ido, yana juya kai dama da hagu. Na san abin da yake nema.

"Ke, ɗayan gefen ruwan, kina gani?"

"Babu ɗayan gefe, Baba. Ni ma ruwa kawai nake gani har ya haɗu da sama."

Hannunsa ya saki a cikin nawa.

"To, ba laifin idona ba ne."

Na yi kuka, shi kuwa ya tsaya ya yi kallonsa son ransa. Da muka juyo babu takalmi babu doya, ruwa ya hau ya kwashe. Mai jirgin ya ce ai haka yake yi kullum, ya hau ya sauka. Baba ya ba shi haƙuri sosai, ya ce mai gida, wato teku, ya riga shi karɓa. Da silifas ɗin ƙanena ya koma Minna.

Kafin damina ta zagayo ganin ya tafi gaba ɗaya. Ya rayu shekaru bayan haka a gindin mangwaron ƙofar gida, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya sha labarin balbelun da ba su da shanu. In aka tambaye shi ko ya ga tekun sosai, sai ya nuna inda yake jin muryata ya ce a tambaye ni, abin da na gani shi ya gani.